Albashin Shugabannin Jami'o'i: Ba A Ƙayyade Abin Da Ba A Gani Ba

A cikin shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa, ta umarci jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horar da malamai mallakar Gwamnatin Tarayya da su wallafa bayanan kuɗinsu a shafukansu na intanet kafin ranar 31 ga watan Mayu. An lissafa musu abin da ake son gani: kason da aka ware musu a kasafin kuɗi, da tallafin bincike da suka samo, da abin da asusun TETFund ya ba su, da abin da ke ajiye a gidauniyarsu, da yawan ɗalibansu. Umarni ne da ya dace, wanda ma ya makara. Sai dai akwai layi guda da bai shiga jerin ba, alhali shi ne aka fi tsegumi a kansa a harabar kowace jami'a: nawa ake kashewa a shekara a kan shugaban makarantar da manyan jami'an da ke kewaye da shi, idan aka haɗa albashi da alawus da gida da motoci da tafiye-tafiye da kuɗin sallama?

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin makaranta, ko malamai suka ajiye alli, sai a ji masu cewa a sa wa abin da manya ke ɗauka iyaka. Kira ne mai daɗin ji, musamman ga mahaifin da ya sayar da amfanin gona don ya biya kuɗin rajista. Amma kafin a rungumi wannan magani yana da kyau a dubi ƙasar da aka yi wannan rigima a bainar jama'a har ƙura ta lafa, wato Ingila, wadda daga gare ta Najeriya ta kwafo tsarin jami'a tun buɗe Kwalejin Ibadan a 1948, har da sunayen muƙamai da rigunan bikin yaye ɗalibai.

A can, wutar ta tashi ne a shekarar 2017, a Jami'ar Bath. Shugabarta, Farfesa Glynis Breakwell, wadda ke kan kujerar tun 2001, ita ce ta fi kowane shugaban jami'a albashi a ƙasar: fam 451,000 a shekara guda, sannan fam 468,000 a shekarar da ta biyo baya, a daidai lokacin da Firaministan ƙasar ke karɓar kimanin fam 150,000. Bayan albashin akwai gidan jami'a na alfarma da take zaune a ciki, da bashin mota marar ruwa, kuma jaridu sun tono takardun kuɗin hidimar gidan har da biskit na fam biyu. Ba a musanta cewa jami'ar ta bunƙasa a hannunta ba. Abin da ya tunzura mutane shi ne yadda ake yanke albashin. Tana cikin kwamitin da ke tsara abin da za a biya manyan jami'ai, ko da yake takan fita idan an zo kan nata. Kuma a watan Fabrairun 2017, da aka kawo ƙudurin nuna damuwa kan rufa-rufar da ke cikin aikin wannan kwamiti a babban taron jami'ar, ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 33 a kan 30, ita kanta tana cikin waɗanda suka kayar da shi.

Andrew Adonis, tsohon minista a gwamnatin jam'iyyar Leba, shi ya ɗauki maganar zuwa zauren Majalisar Dattawan Birtaniya, ya kuma kai ƙara gaban hukumar da ke ba jami'o'in Ingila kuɗi a lokacin. 'Yan majalisa huɗu suka ajiye kujerunsu a babban taron jami'ar. Hukumar ta yi bincike, ta ce an zubar wa jami'ar da mutunci. Breakwell ta tsallake ƙuri'ar yankan ƙauna a majalisar malamai da kyar, 19 a kan 16, amma kafin ƙarshen Nuwamba ta sanar da cewa za ta sauka. Ko a nan tsugune ba ta ƙare ba, domin an sallame ta da hutun bincike na wata shida da cikakken albashi, aka kuma yafe mata bashin motar, kimanin fam 31,000. Ana cikin haka sai ga labarin wata ƙaramar jami'a a gari ɗaya, Bath Spa, wadda ta biya shugabarta mai barin gado fam 808,000 a shekararta ta ƙarshe, fam 429,000 daga ciki a matsayin diyyar barin aiki.

Ruwa ba ya tsami banza. Albashin shugabannin jami'o'in Ingila ya daɗe yana hawa ba wanda ya ɗaga murya. Abin da ya sauya shi ne mai biya. Kuɗin karatu ya tashi daga fam 1,000 a 1998 zuwa fam 3,000 a 2006, ya yi tsalle zuwa fam 9,000 a 2012, ya kai fam 9,250 a 2017, kuma mafi yawan ɗalibai da bashin gwamnati suke biya, bashin da zai bi su shekaru bayan sun gama. Matashin da ya fito jami'a da dubban fam a wuyansa ba ya kallon albashin shugabar makaranta a matsayin kuɗin baitulmali da ba na kowa ba. Yana kallonsa a matsayin nasa. Abin dariya a ciki shi ne Adonis ɗin da ya fi kowa kumfar baki yana cikin waɗanda suka tsara ƙarin kuɗin karatu na zamanin Tony Blair. Malamai kuma, waɗanda ƙarin da ake musu ba ya kamo tashin farashi, sun shiga yajin aiki na kwana 14 a jami'o'i fiye da 60 a farkon 2018 a kan fansho, kuma albashin shugabanni na cikin abin da suka rubuta a kwalayen zanga-zangarsu.

Shugabannin ba su rasa hujja ba, kuma adalci ne a saurare ta. Babbar jami'a ta fi ma'aikatu da yawa girma: dubban ma'aikata, gine-gine, ɗakunan gwaje-gwaje, kasafin da kan haura fam biliyan ɗaya a wuri kamar Oxford. Shugabar Oxford ta lokacin, Louise Richardson, ta ce albashinta ba komai ba ne idan aka gwada shi da na 'yan ƙwallo da manyan ma'aikatan banki, kuma jami'o'in Amurka sun fi biya. Akwai gaskiya a batun Amurka. Amma kwatancen 'yan ƙwallon ya ƙara wa wutar fetur ne kawai, domin ba wanda ke cin bashi don ya biya ɗan ƙwallo, kuma kusan duk shugabannin jami'o'in daga aji da ɗakin bincike suka fito, ba bankuna ne ke zawarcinsu ba.

Inda matsalar take shi ne hanyar da ake bi a kai ga adadin. Kwamitin albashi kan ɗauko masu ba da shawara, su kawo jadawalin abin da ake biya a jami'o'in da ake ganin sa'o'i ne. Babu kwamitin da zai yarda cewa shugabansa bai kai matsakaici ba, don haka kowa kan sa nasa a tsakiya ko sama kaɗan. Idan kowa ya yi haka, matsakaicin da kansa sai ya hau, baɗi kuma a sake aunawa da sabon matsakaici. Ba sai an samu ɓarawo ko ɗaya ba albashi zai yi ta hawa har abada. Ƙungiyar malaman jami'o'in ƙasar ta yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta gano cewa a kusan kashi 95 cikin 100 na jami'o'in, shugaba ko dai mamba ne a kwamitin albashinsa ko kuma yana da damar halartar zamansa. Mutumin da ya fita minti goma daga ɗakin da abokan aikinsa na kullum ke yanke rabonsa bai fita ba.

Gwamnatin Birtaniya ba ta sa iyaka ba, domin jami'o'in masu cin gashin kansu ne a doka. Jo Johnson, ministan jami'o'i a lokacin, ya sanar a watan Satumban 2017 cewa duk jami'ar da ke biyan shugabanta fiye da fam 150,000 dole ta yi bayanin dalili a rubuce, ta kuma faɗi yawan ma'aikatanta da ke karɓar fiye da fam 100,000. Sabuwar hukumar kula da jami'o'i da ta fara aiki a 2018 ta mayar da wannan sharaɗi a cikin rahoton kuɗi na shekara. A watan Yunin wannan shekarar shugabannin majalisun gudanarwa suka fitar da ƙa'idar da ta hana shugaban jami'a zama mamba a kwamitin albashinsa, ta kuma buƙaci a riƙa bayyana ninki nawa albashinsa ya yi na matsakaicin ma'aikaci.

Albashin bai sauka ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Rahoton farko da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna jami'o'i 124 cikin 133 na biyan shugabanninsu fiye da fam 150,000 ɗin, kuma har yau jaridun Ingila na buga jerin masu karɓar fam dubu ɗari huɗu da ɗari biyar, a lokacin da jami'o'i da dama ke korar malamai da rufe sassa saboda giɓin kasafi. Abin da aka samu ɗaya ne, amma babba: duk wanda ke da waya a hannu zai iya buɗe rahoton kuɗin kowace jami'a ya ga adadin, ya ga gidan, ya ga fansho, ya ga kuɗin sallama, ya yi rigimarsa da hujja. Wannan ya shafi iyalan Najeriya kai-tsaye. A zangon karatu na 2022/23 ɗaliban Najeriya fiye da 70,000 ne ke jami'o'in Birtaniya, Indiya da Sin kaɗai suka fi su yawa, kuma kuɗin da suke biya ya zarce na 'yan ƙasa. Da Naira ta faɗi, wasunsu a Jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin zango a 2024, aka dakatar da karatunsu, aka umarce su da barin ƙasar. Uban ɗalibin da ke Kano ko Fatakwal zai iya sanin abin da shugaban waccan jami'a ke karɓa har zuwa fam na ƙarshe, amma ba zai iya sanin na jami'ar da ke bayan gidansa ba.

Akwai ƙasar da ta sa iyakar da gaske. A Holan, tun ranar 1 ga Janairun 2013 doka ta hana biyan shugabannin hukumomin da ke cin kuɗin jama'a, har da jami'o'i, fiye da kashi 130 cikin 100 na albashin minista, aka kuma sauko da shi zuwa daidai da na minista a 2015. Jami'o'in ƙasar ba su rushe ba, ba su kuma rasa masu jagorantarsu ba. Amma a lura da abin da ke riƙe da dokar. Ma'anar albashi a cikinta ta haɗa da alawus da gudummawar fansho, an ƙayyade kuɗin sallama a yuro 75,000, dole a rubuta sunan jami'i da abin da ya karɓa a rahoton shekara, masu binciken kuɗi su duba, abin da ya haura kuma a maido shi. Iyakar tana aiki ne domin an riga an kunna fitila a ɗakin.

A Najeriya kuwa iyakar tana nan tun tuni, sai dai ba a kiranta da wannan suna. Kafin Hukumar Udoji ta 1974 majalisun gudanarwa na jami'o'i ne ke da ta-cewa kan sharuɗɗan aikin ma'aikatansu. Udoji ya zuba jami'o'i cikin tsarin albashi na bai-ɗaya na ma'aikatan gwamnati. Hukumar Cookey ta 1981 ta ware musu nasu ma'auni, amma ikon ya zauna a hannun gwamnatin tsakiya, kuma yau Hukumar Albashi ta Ƙasa ce ke fitar da jadawalin. Babu majalisar jami'ar tarayya da za ta iya yi wa shugabanta albashin Bath ko da ta so. Yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar ASUU a 2009, wadda ya kamata a sake duba ta bayan shekara uku, ta haura shekara goma ba a taɓa ta ba. Kwamitin Munzali Jibril ya zo ya wuce, na Nimi Briggs ya zo ya wuce. Lokacin yajin aikin wata takwas na 2022, farfesan da ya kai ƙololuwar matakinsa bai kai Naira 500,000 a wata ba, kuma ƙarin kashi 35 cikin 100 da aka yi wa farfesoshi daga baya faɗuwar Naira ta haɗiye shi kafin ya shiga aljihu.

Saboda haka matsalar Najeriya ta Ingila ce a kife. A can takardar albashi ce ta kumbura; a nan takardar albashi ramammiya ce, ofishin ne mai ƙiba. Kuma 'yan ƙasar nan sun san yadda wannan ke aiki, domin sun gan shi a Majalisar Tarayya. Hukumar rabon arzikin ƙasa ta ƙayyade wa sanata abin da bai wuce kimanin Naira miliyan ɗaya a wata ba. Sai a 2018 Sanata Shehu Sani ya fasa ƙwai cewa akwai Naira miliyan 13.5 da ke shigowa duk wata da sunan kuɗin gudanar da ofis, a 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa abin ya kai miliyan 21. Iyakar tana nan daram a takarda, ba a karya ta ba; an zagaye ta ne kawai. Haka ma manufar 2003 ta zamanin Obasanjo, wadda aka ce za ta mayar da gida da mota da masu hidima zuwa tsabar kuɗi a cikin albashi don a daina sayen su da kuɗin gwamnati. Duk wanda ya ga jerin gwanon motocin manyan jami'ai a yau ya san inda aka kwana.

Jami'a ba Majalisa ba ce, kuma wannan ba zargi ba ne a kan wani mutum. Akwai shugabannin jami'o'i da suka gama wa'adinsu na shekara biyar suka koma aji ba su da komai sai littattafai da hawan jini. Maganar ta tsari ce. Jami'ar tarayya na da kuɗin shiga na kanta da ba ya bi ta kasafin Abuja: kuɗin rajista, da na karatun wucin gadi, da na digiri na biyu da na uku, da na jarrabawar tantance sababbin ɗalibai, da hayar ɗakunan kwana da shaguna, da kamfanonin jami'a. Majalisar gudanarwa ce ke amincewa da yadda za a kashe su, ciki har da abin da ya shafi jin daɗin shugaba da mataimakansa da magatakarda da ma'aji. Shugaban jami'a mamba ne a wannan majalisa bisa doka, haka mataimakansa. Hukumar jami'ar da yake jagoranta kuma ita ke biyan 'yan majalisar kuɗin zama da masauki da tafiya, shugaban majalisar kuwa sau da yawa ɗan siyasa ne da fadar shugaban ƙasa ta naɗa. Ɓangarori biyu ne kowanne na sa hannu a takardar ɗan'uwansa, a ɗakin da ɗalibi ba ya shiga. Idan abin da ya faru a Bath ya isa ya tayar da ƙasa, to wannan ya fi shi buƙatar ido.

Wani lokaci ma majalisar ba ta nan gaba ɗaya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in tarayya tare da sauran hukumomi, ba a rantsar da sababbi ba sai a watan Yulin 2024. Shekara guda ke nan ana karɓar kuɗi ana kashewa ba tare da hukumar da doka ta ɗora wa sa ido ba, kuma a cikin wannan shekarar ce jami'o'i da dama, daga Legas zuwa Kano, suka ninka kuɗin rajista.

A duba kuma yadda ake kokawa a kan kujerar. A 2020 majalisar Jami'ar Legas ƙarƙashin Wale Babalakin ta tsige Farfesa Oluwatoyin Ogundipe a wani zama da ta yi a Abuja, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, ta mayar da shi, ta rushe majalisar. A watan Nuwamban 2024 aka soke naɗin shugaban Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka tare da rushe majalisarta, a watan Fabrairun 2025 aka yi irin haka a Jami'ar Abuja. Kowace rigima da nata dalilin, akasari a kan bin ƙa'idar naɗi. Amma talaka mai sauraron rediyo yana da tambayarsa: idan albashin bai taka kara ya karya ba, me ke cikin kujerar da ake shiga kotu da fadar sarki da gidan gwamna a kanta? Mai yiwuwa amsar ita ce girma da son hidima. Mai yiwuwa ikon ba da kwangila da ɗaukar aiki ne. Muddin ba a ga alƙaluma ba, zato ne zai cike gurbin, kuma zaton kan haɗa mai gaskiya da marar gaskiya ya yi musu kuɗin goro.

Abin da ya sa maganar ba za ta jira ba shi ne asusun NELFUND. Tun da aka sa hannu a kan dokar bashin ɗalibai a watan Afrilun 2024, gwamnati na biyan kuɗin makaranta kai-tsaye ga jami'a a madadin ɗalibi, shi kuma zai fara biya shekara biyu bayan ya gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Wannan shi ne sauyin da ya juya tunanin jama'a a Ingila. Ɗalibin da ya ci bashi don ya yi rajista ya zama mai zuba jari a jami'ar, kuma duk ƙarin da hukumar makaranta ta yi ƙari ne a kan bashinsa. Nan da 'yan shekaru za a samu dubban matasa da ake zaftare musu albashi duk wata, kuma za su tambayi inda kuɗin ya shiga. Gara jami'o'i su shirya amsar tun gemun maƙwabci ne ke ci da wuta.

Abin mamaki, ba a buƙatar sabuwar doka. Sashe na 2 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya wajabta wa kowace hukumar gwamnati ta wallafa, ba tare da an roƙe ta ba, sunaye da albashi da muƙamai da ranakun kama aiki na ma'aikatanta. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi, don haka jami'o'in jihohi ba su da mafaka. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa su fayyace cewa albashi a nan yana nufin duk abin da kujerar ke laƙumewa, daga kowace jaka ya fito. Shafi ɗaya ya isa, a cikin rahoton kuɗin da masu bincike suka sa wa hannu: abin da aka biya kowane babban jami'i, da ƙimar gida da motocin da yake amfani da su, da kuɗin guzurin tafiye-tafiyensa na waje, da abin da aka yi masa alkawari ranar sauka, sannan a ƙasa abin da aka kashe a kan 'yan majalisar gudanarwa su ma. Ranar da za a yanke irin waɗannan kuwa, shugaba da mataimakansa su kasance ba sa cikin kwamitin sam, a kuma sa wakilin ƙananan ma'aikata da na ɗalibai.

Bayan an ga alƙaluman ne maganar iyaka za ta yi ma'ana, kuma iyakar da ta dace da ƙasar da farashi ke gudu ba adadin Naira ba ce, domin duk adadin da aka rubuta bana ya zama abin dariya baɗi. Ninki ne. A ce abin da ake kashewa a kan shugaba kada ya wuce ninki kaza na albashin malamin da ya fara aiki, a kuma bayyana ninkinsa a kan na mai shara da mai gadi, har da waɗanda aka miƙa wa 'yan kwangila don kada su fito a lissafi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000 tun 2024. Da haka shugaban da ke son nasa ya ƙaru sai ya yi wa na ƙasa da shi yaƙi.

Akwai kuma abin da masu neman a rage ba za su so ji ba. Idan an buɗe littafin aka tarar albashin da ke rubuce ya yi kaɗan, to a ƙara shi a fili. Mutumin da ke riƙe da wuri kamar Jami'ar Ahmadu Bello, mai dubun-dubatar ɗalibai da cibiyoyin bincike da gonaki da matsalar tsaro da kuɗin lantarkin da ya fi ƙarfin kasafi, bai kamata a biya shi abin da manajan reshen banki zai raina ba, sannan a kau da kai ana tsammanin zai cike giɓin ta wata hanya. Albashi babba da kowa ya sani ya fi wa jami'a arha a kan ƙaramin albashi mai wutsiyar da ba a gani.

Ƙungiyar ASUU na da nata nauyin. Ta ƙware wajen tuhumar Abuja, kuma sau da yawa da gaskiyarta, amma shugabannin jami'o'i daga cikin 'ya'yanta suke fitowa, cikinta kuma suke komawa. Takwararta ta Birtaniya da wasiƙun neman bayanai ta bankaɗo kwamitocin albashi, ba da yajin aiki ba, kuma dokar Najeriya ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan wasiƙa. Reshe guda a jami'a guda zai iya fara wannan a makon gobe. Jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba wa lasisi a 1999 kuma yau suka fi na tarayya da na jihohi yawa, za su ce kuɗinsu ne. Amma lasisin na jama'a ne, shaidar digirin da suke bayarwa da amincewar hukumar ƙasa take tafiya, kuma hukumar na da ikon sa wannan shafi cikin sharuɗɗan tantancewa.

Minista ya riga ya nuna cewa takarda guda daga ofishinsa na iya sa jami'o'i su fito da alƙaluma, saura ya ƙara layin da ya bari. Shugaban jami'ar da ya tabbata ba shi da abin ɓoyewa kuwa ba sai ya jira wannan takarda ba: ma'aji na ƙarƙashinsa, shafin intanet na jami'ar ma haka.